Ranar Asabar a Ƙauyen Dayana

Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta, Dayana ta zauna gaban kwamfutar babanta a gidansu da ke birnin Riobamba. Sati uku ke nan tana gina ƙauye a cikin wani sabon wasa. Za ka gina gidaje, ka shuka dankali, ka cika rumbu kafin sanyi ya sauko. In ka gaza, yunwa ta kashe mutanenka.

Wasan cike yake da tangarɗa. Tumaki sukan hau rufin ɗaki su maƙale. Wani lokaci ƙofar rumbu ta ɓace. A shafin wasan kowa na faɗin ra'ayinsa. Wani ya rubuta, "Wasa mai daɗi, amma yau kwana tara tunkiyata tana kan rufi."

Abin da ya fi ba Dayana haushi daban ne. Duk Asabar ɗin cikin wasan, sai mutanenta su bar gonakinsu, su tafi yashe hanyar ruwa ko ginin gidan wani. Ta danna, ta danna, sun ƙi dawowa.

Ta ba wasan tauraro ɗaya, ta rubuta: "Ku gyara wannan shirmen. Wane wawa ne zai bar gonarsa ya je yi wa wani aiki kyauta?"

Washegari mutum talatin suka nuna sun ji daɗin maganarta. Lokacin cin abinci ta karanta abin da ta rubuta da ƙarfi, tana taƙama.

Kakarta Rosenda, wadda ta zo daga ƙauye ganin likita, ta ajiye cokali.

"Sake karanta mini, 'yar birni."

Dayana ta sake karantawa, amma a hankali.

"To, ga wawa ɗaya zaune a gabanki," in ji Kaka. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki kwanonta ta shiga ɗaki.

Baba ya dubi Dayana. "Wannan ba tangarɗa ba ce. Minga ce, aikin gayya. Shekarar da kakanki ya rasu, iska ta yaye mana rufi. Ranar Asabar mutum arba'in suka bar gonakinsu suka zo. Dafaffiyar masara kawai muka iya ba su. Su ne kika zaga."

Dayana ta sunkuyar da kai. Ta san kalmar. A makaranta ma akan kira minga don share fili, ita kuwa kullum sai ta ce cikinta na ciwo.

"Baba, bari in goge."

"Mutum talatin sun karanta. Gogewa ba za ta gyara ba."

Kwana biyu Kaka ba ta tsokane ta ba. Wannan ya fi faɗa zafi.

Ranar Juma'a Dayana ta koma shafin, ta rubuta: "Na yi kuskure. Tumakin kan rufi da ƙofar rumbu suna buƙatar gyara. Amma aikin Asabar ba shirme ba ne, haka mutanenmu suke rayuwa. Na zagi abin da ban fahimta ba. Daga yau sai na tambaya kafin in yanke hukunci." Ta mayar da taurarin huɗu.

Ta je ɗakin Kaka ta karanta mata.

"Ki yafe mini, Kaka."

Kaka ta dube ta. "Gobe akwai yasar hanyar ruwa a ƙauye. Ko cikin zai yi ciwo?"

"Ba zai yi ba."

Da safe suka hau mota. Kafin azahar Dayana ta yi kaca-kaca da laka har gwiwa, hannunta duk ya yi bororo. Kaka ta miƙo mata kwanon masara mai zafi, ta juya ga maƙwabta tana murmushi.

"Ku matsa mata wuri. Yau wawaye sun ƙaru da ɗaya."