Wandunan Baba

"Wallahi ba zan ƙara sayar masa da ko ƙwaya ɗaya ba!"

Haka Mai Kemis ya faɗa min a bakin kantarsa, idanunsa jawur. Mutumin da saura ƙiris a ɗaura mana aure, wai shi ke ɗaga min murya a kan mahaifina!

"Maganin ciwon baya ne fa kawai! Ka san zaman keken ɗinki..."

"Ba baya ba ne, Autata." Ya sassauta murya. "Ya daɗe da kumburi a furostet, ƙullutun nan na ƙasan mafitsarar maza. Fitsari da ƙyar, ga raɗaɗi. Wani abokinsa ya ce masa maganin kumburi na kare mutum daga sankara, shi ne yake watsa shi baki kamar gyaɗa."

"To ƙarya ne?"

"Har yanzu bincike ake yi. Ni dai abin da na sani, zafin yake danne masa, ciwon kuma yana can yana abin da ya ga dama. Yanzu har jini yake gani..."

Baban da ko hankici bai taɓa wankewa ba, watannin nan shi ke wanke wandunansa da kansa, ya shanya a bayan ƙofar shago. Fararen kaya ma ya daina sawa. Ni kuwa sakarya har tsokanarsa nake, wai tsufa ya koya masa tausayin mata.

Na same shi a kan keke, ya karkace yana zaune a gefe guda. Kallo ɗaya ya yi wa fuskata ya ɗauke ƙafa daga fedar.

"Yaron nan ya tona min asiri ko?"

"Baba, don Allah mu je asibiti..."

"In je a tuɓe ni gaban sa'annin 'ya'yan cikina? Amana na ba shi ya ci! Ki faɗa masa na fasa ba shi ke."

Allah ya sani ina son Mai Kemis kamar raina. Amma na haɗiye kukan da ya taso min.

"Na ji, Baba. A fasa. Ina nan gida ba inda za ni, kuma daga yau ni zan riƙa wanke maka wandunan."

Ban taɓa ganin kunya da tsoro tare a idon Baba ba sai ranar.

Washegari ya saka hula ya nufi asibiti, Mai Kemis na biye da shi nesa-nesa. Aka ɗebi jini, aka tsakuri nama, muka shiga jira. Abinci ma daina min daɗi ya yi.

Ranar da sakamako ya fito, shi kaɗai ya shiga wajen likita. Da ya dawo ya wuce shago. Sai ya sauko da yadin rigar aurena, wanda kullum yake cewa ai da sauran lokaci, ya shimfiɗa a tebur.

"Kira min ɗana," ya ce.

Mai Kemis ya shigo ya durƙusa.

"Na yafe maka. Ka faɗa wa manyanka a matso da bikin."

"Zuwa yaushe, Baba?"

"Iya kusan da za su iya."

"Baba... me likita ya ce?" na tambaya.

Ya zare tef daga wuyansa, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Miƙe tsaye, Auta. Zo in auna ki tun hannuna bai fara rawa ba."