Gurbi Biyu: Kano Ko N'Djamena

Lailatu ta zaɓi yin karatunta a N'Djamena, an kuma ɗage ranar aurenta da Fa'iz.

Maganar ta tashi ne ranar Talata bayan la'asar, a zauren gidansu da ke unguwar Ridina. Lailatu malamar firamare ce, burinta ta zama sufeto mai duba makarantu da manhaja. Makarantar horar da malamai ta nan birnin ta riga ta ɗauke ta. Sai ga Fa'iz, ɗan Kano mai fataucin shanu a unguwar Farcha, da nasa albishir: kawunsa ya sama mata gurbi a wata jami'a a Kano.

"Ban ga kin yi murna ba," in ji shi.

"Ka shawarce ni kafin ka sa a nema?"

"Haba, masoyiyata! Digiri ai digiri ne."

"Da wane harshe za a koyar da ni?"

"Turanci mana."

"Yaranmu da Faransanci da Larabci suke karatu. In na dawo, sai in zauna a bayan aji in duba malami da manhajar Najeriya? Wa zai ɗauke ni aiki?"

Ya juya makullin babur a hannunsa.

"Wa ya ce za ki dawo?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Hajiyata ce, Laila... Ƙafafunta sun ƙi, ƙannena duk sun yi aure. Na yi mata alkawari amarya a gabanta za ta zauna."

"Ashe mai jinya kake nema, ka lulluɓe da karatu."

"Wallahi ba haka ba ne! Kin san ina son ki!"

"Na sani. Da ba ka so na, da tuni na shige gida."

Daga tsakar gida mahaifiyarta ta ɗaga murya. "Lailatu, lafiya nake jin hayaniya?"

"Afe, Iya," in ji Lailatu da Larabcin Chadi, "lafiya lau."

Ta juyo ga Fa'iz, ta sassauta murya. "Kawo Hajiya nan. Ɗakina ɗakinta ne. Ni zan riƙa gasa mata ƙafa safe da yamma, in tafi aji in dawo."

Ya yi gajeriyar dariya. "Hajiya? Matar da ko biki ta je Wudil ba ta kwana?"

"Ka tambaye ta?"

"Ba a yi wa uwa irin wannan tambayar."

"Ni ma ba ka yi min ba."

Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya ce a gaida Iya.

Ranar Laraba ta je ta yi rajista. A layi wata abokiyar aikinta ta tambaye ta yaushe ne biki, ta ce za a sanar.

Ranar Alhamis Fa'iz ya tsallake gada zuwa garin Kuseri na Kamaru, ya kama hanyar Kano. Ya bar saƙo wajen yayanta cewa zai yi wa Hajiya maganar. Ranar Litinin za a fara darasi. Har zuwa safiyar yau wayarsa tana shiga, ba a ɗauka.