Benen da Ya Ƙi Sayuwa

Wata takwas ke nan da kafa allon "Na Sayarwa" a ƙofar gidan su Auta, har fentinsa ya koɗe. Baba ne ya gina benen tun yana da ƙarfinsa. Yanzu gwiwoyin Mama sun ƙi matakala, a falon ƙasa take kwana kan katifa, likita kuma ya ce su nemi gidan da babu hawa. Sai dai kasuwar gidaje ta kwanta. Masu saye su zo su zagaya, su taɓe baki, su ce "za mu yi shawara", shi ke nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Auta ce ke riƙe da makullai, ita ke zagayawa da baƙi. Ran nan dillali ya shigo da wani dogon saurayi, malamin lissafi, da tef ɗin awo a aljihu. Ya ƙwanƙwasa bango, ya buɗe famfo, ya auna kicin. Da ya ɗago suka haɗa ido da Auta, sai adadin ya ɓace masa, ya sake aunawa.

"Malam, bangon fa bai ƙara tsawo ba," in ji ta.

Ya yi dariya, kunya ta kama shi.

Tayin da ya yi ya ɓata wa Baba rai. "Shekara uku da suka wuce maƙwabcina ya sayar da nasa fiye da haka, kuma bai kama ƙafar nawa ba. Ko sisi ba zan rage ba."

Amma malamin ya dawo duba rufi. Ya dawo duba magudanar ruwa. A zuwa na huɗu Auta ta ce, "Saura me ba ka gani ba?"

"Lambar wayar mai makullin."

Daga nan saƙonni suka ɓarke.

"Mai Makulli, yau gida uku na duba, masu su har roƙona suke yi. Babu inda nake son komawa sai naku."

"Mai Awo, to ka ƙara tayi mana, ka huta da yawo."

Dillali, da ya gaji da zirga-zirgar da babu la'ada, ya sami Baba. "Yaron nan wayo yake yi. Ta hannun 'yarka yake so ya bi ya karya farashi."

Baba ya ce kada ya sake ganin ƙafar malamin a gidan. Ita kanta Auta jikinta ya yi sanyi, don ta tuna ta ba shi labarin ciwon Mama. Tana hawaye ta rubuta masa:

"Don na yarda da kai na gaya maka halin da muke ciki, ba don ka san mun matsu ba. Kada ka ƙara kirana."

Kwana tara shiru. Ran Asabar da safe sai ga malamin, shi kaɗai. Ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, na janye tayina. Na kama hayar ɗaki biyu kusa da makarantarmu, ga takardar. Auta nake nema, ba gida ba."

Baba ya karanta takardar har ƙarshe.

"In kuma ka ba ni izini, ga wannan." Ya miƙa wata takardar: gidajen unguwar da aka sayar bana, da abin da masu su suka nema, da abin da suka karɓa. "Gidanka ba shi da aibi, Baba. Kasuwar ce ta sauya."

Daga falo muryar Mama ta fito a hankali. "Baban Auta, shekara guda ban ga ɗakina ba. Na gaji."

Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Washegari da kansa ya kira dillali ya ce a rage farashin.

Cikin mako uku wata ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya huɗu ta saya. Yaranta na ta tsere a matakala tun kafin a sa hannu. Baba ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi, ya ce ashe kaya ne ya ɗauka a ka bai sani ba.

Auta ta rubuta: "Ka yafe min, Mai Awo."

"Ban riƙe ki ba, masoyiyata. Tsoro dai na ji, ba kaɗan ba."

A sabon ƙaramin gidan da su Baba suka koma aka ɗaura auren, falon ya cika har waje. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun angon.

"Na so in kore ka, Allah bai nufa ba. Ga ta nan, ka riƙe min ita amana."

Mama ta rungume su duka biyun. "Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."

Auta ta buɗe baki za ta amsa, kuka da dariya suka haɗe mata. Angon ne ya ce amin, sau uku.