Kyamarar Da Ta Makara

Alhaji Hashimu, shugaban ƙungiyar manoman yankin Tsanyawa, bai taɓa yin barci a wurin taro ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba a yi wa Alhaji musu.

Ranar da wani kamfanin taki ya tara manoma, Khalilu aka ba aikin hoto. An rufe tagogi saboda majigi, an kuma raba shinkafa da nama kafin babban jawabi. Yana laluben wurin tsayawa ya harɗe da wayar lasifika, saura kaɗan ya kife kan teburin rajista.

"Malam mai hoto, ɗaukarmu za a yi ko faɗo mana?" in ji budurwar da ke zaune a wurin.

"Haskenki ne ya kashe min ido."

"Ka dai mayar wa mutane wayarsu."

Raudatu ce, 'yar Alhaji. Kafin a tashi ya samu lambarta.

Kamfani ya ce lallai a samo hoton shugaba a sahun gaba. Khalilu ya ɗauka, ya sake ɗauka, ya yi tari, ya ja kujera da ƙarfi. Alhaji dai yana can cikin zurfin nazari, ido a rufe, baki a buɗe. Khalilu ya zaɓi hoto mai dama-dama ya aika. Kamfani ya buga shi a kalanda, aka rataya har a rumfar mai shayi.

Da manyan Khalilu suka je neman aure, Alhaji ko tabarma bai sa an shimfiɗa ba.

"Yaron da ya yi min ƙazafi da na'ura? Ga Najib, jami'in kamfanin, da mota yake zuwa."

Da yamma saƙon Raudatu ya shigo wayar Khalilu: "Rabin raina, Baba ya ce sai ka wanke shi a gaban 'yan ƙungiya. Najib ya sake zuwa, na ce kaina ke ciwo. Ciwon kan nan ba zai daɗe yana aiki ba."

Ya amsa: "Raudata, wallahi har minshari yake."

"Na sani, gida ɗaya muke. Ni kake so ko gaskiyar kyamara?"

Ranar kasuwa Khalilu ya durƙusa a gaban dattawan ƙungiya, Najib na gefe yana kaɗa makullin mota.

"Iyayena, laifin kyamarata ne. Nawa gare ta. Alhaji ƙifta ido ya yi, ita kuma ta makara."

"To bakin fa?" wani tsoho ya tambaya.

"Salati yake, Baba."

Dattawan, waɗanda yawancinsu a ranar taron suka yi irin wannan salatin, suka gamsu. Alhaji ya dafa kan Khalilu.

"Yaro mai amsa laifinsa, shi ake ba mata. Amma ka sake kyamara."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi.

Bayan an kai amarya, suna zaune, wayarsa ta yi ƙara, saƙo daga kamfanin takin: "Malam Khalilu, Najib ya sanar da mu matsalar kyamararka. Tarukan bana mun ba wani. Allah ya sanya alheri."

"Angona, waye?"

"Masu taya murna ne, amaryata."

Ya kife wayar a kan tabarma, ya jawo musu kwanon kaza.