Na Tara a Allon Uzairu

Ruwan sama ne ya koro Ummusalma cikin shagon Uzairu a kasuwar Terminus, ba niyya ba. Hantsin Laraba ne, irin ruwan nan na Jos da ba ya sallama. Ta shigo tana kaɗe hijabi, ta tarar da maza huɗu a kan benci suna musu kamar za su ba hammata iska.

Sana'ar Uzairu tura fina-finai a waya. Ka kawo memori, ya cika maka, ka kama gabanka. Amma ba turin ne ke tara masa jama'a ba. Wani allo ne da ya kafa a bango, ya rubuta da alli: DARAKTOCI GOMA DA SUKA FI KOWA. Marigayi Tanimu Kwalba na ɗaya, Hezekiya Bot na biyu, Lawandi Gwaiba na uku, haka har ƙasa. Wanda bai yarda ba, ga benci nan, ya zauna ya kawo hujja. Shekara uku ana wannan musu, Uzairu bai taɓa goge suna don jin kunyar wani ba.

Ummusalma ta bi allon da ido, ta tsaya kusa da ƙarshe.

"Malam, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Tsawa ne na tara?"

"Da ƙyar ma ya samu."

"Ka kalli Ramin Kuza kuwa?"

"Sau biyu. Fim ɗin da jarumi ya mutu a rami, aka zo zaman makokinsa, sai ga shi can bayan mutane yana ɓarar gyaɗa. Mamaci da gyaɗa, Hajiya! Daraktan da bai ga wannan ba, tara ma alfarma aka yi masa."

Benci ya kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Baba Badung, tsohon mai ɗaukar hoto da ke da situdiyo a maƙwabta. Ya dubi yarinyar, ya sunkuyar da kai.

"Sau biyu ka kalla, gyaɗa kaɗai ka gani," ta ce a hankali. "Allah ya ƙara gani."

Ruwa ya tsagaita, ta fita. Uzairu ya bi ta da kallo har mai jiran memorinsa ya yi masa magana sau uku bai ji ba.

Bayan kwana biyar ta dawo, wai mahaifiyarta ke son a tura mata wa'azi. Aka tura wa'azi cikin minti biyar, aka yi musun daraktoci na awa guda. Ranar ya samu lambarta. Ba a yi nisa ba saƙonni suka fara zirga-zirga.

"Assalamu alaikum, Lauyar Tsawa. Yau benci ya cika, amma babu mai hujja irin taki. Shagon ya yi mini faɗi."

"Wa alaikas salam, Alƙali mai hukunci da ido ɗaya. Ka ci abinci kuwa, ko musu ka ci ka ƙoshi?"

"Ban ci ba. Tunda kika fita nake ganin ko'ina kamar fim marar kala."

"To je ka sayi masa mai zafi, ka daina waƙa. Ina son Alƙalina da ƙarfinsa."

Wata huɗu suna haka. Uzairu ba mutumin dogon zance ba ne, ya ce mata yana son ya turo manya. Ta ce, "Ka fara zuwa ka gaishe da Baba tukuna. Ka ce Malam Isa tela a unguwar Rikkos, kowa ya sani."

Ranar Asabar da la'asar ya je. Shagon ɗinkin a ƙofar gida yake. Ya yi sallama, ya durƙusa, da ya ɗago kai sai idonsa ya faɗa kan wani tsohon hoto a bango: Malam Isa da ƙuruciyarsa, hannu a sama yana ba da umarni, ga Baba Badung a gefensa rungume da kyamara. Malam Isa ya ɗago daga kan keken ɗinki ya dube shi.

"Kai ne mai allo?"

Muryar kaɗai ta isa ta gaya masa inda sunan Tsawa ya samo asali.

Ashe labari ya riga shi zuwa. Akwai wani Ashraf mai sayar da wayoyi, ɗan bencin ne, shi ma ya daɗe yana son Ummusalma. Shi ya ɗauki hoton allon ya kawo wa tsoho, har da labarin gyaɗa da dariyar da aka yi.

"Shekara goma sha biyar na yi ina hawa duwatsun garin nan da kyamara kafin ka iya tsarki," Malam Isa ya ce. "Ka mayar da ni abin dariya a tsakiyar kasuwa, sannan ka zo neman 'yata? Tashi."

Kafin ya isa bakin titi saƙo ya shigo.

"Alƙalina, ka yafe mini da ban faɗa maka ba. Na so ka so ni ba don allo ba. Baba ya ce in daina kira da saƙo, kuma zan bi maganarsa. Hannuna ne zai daina, ba zuciyata ba. Ka sake kallon fim ɗin. Kada ka dubi baya, dubi gaba."

Daga nan waya ta yi tsit.

'Yan benci suka ce abin ai mai sauƙi ne: goge, ka sa tsoho na ɗaya, ka auri yarinya. Uzairu ya ɗauki tsumma ya tsaya gaban allo har hannunsa ya gaji, ya ajiye. Yana son Ummusalma kamar ransa, amma ƙarya ba ta iya fita daga hannunsa. Kuma ya san ita ce za ta fara raina shi.

Wata safiya kafin kasuwa ta cika ya kunna Ramin Kuza. Da aka zo zaman makoki ya rufe mai gyaɗa da babban yatsa, ya dubi gaba. Wata tsohuwa ce, uwar jarumin, tana kuka. Ba ihu, ba birgima. Tana riƙe da takalmin ɗanta ƙafa ɗaya, tana share masa laka da bakin zane. Kyamara ba ta motsa ba, ba a sa kiɗa ba, har minti uku. Uzairu ya tsayar da fim ɗin.

Ya leƙa situdiyo ya tambayi Baba Badung labarin tsohuwar. Shi kuwa Baba Badung Hausarsa irin ta 'yan ƙasa ce da yawa a Jos, ba "ta" a cikinta. Mace da namiji duk "ya" ne.

"Wannan mama, yaron shi ya mutu a ramin kuza da gaske," ya ce. "Shi da kan shi ya roƙa a sa shi a fim. Da ya fara kuka, ba wasa ba ne. Na ga mai gyaɗa a kyamara, na taɓa Tsawa. Ya riƙe hannuna. Bayan an gama ya ce, Badung, ko duniya zai zage ni, ba zan ce ma wannan mama ya sake kuka ba."

Ranar Uzairu ya goge allo, ya sake jera sunaye. Bai gaya wa kowa dalili ba.

Bayan mako biyu Baba Badung ya leƙo shago da fara'a.

"Na je Rikkos jiya. Ya ce ka zo Juma'a bayan masallaci. Yana jiran ka."

Uzairu ya san Hausar Baba Badung sarai. Amma mai nema kunnensa abin da yake so yake ji. Ya ce a ransa tsoho ya huce. Ya sa shaddarsa ta Sallah, ya hau keke sai Rikkos.

Ya tarar da Malam Isa a kan keken ɗinki, Ashraf a gefe yana zuba masa shayi.

"Wa ya kira ka?"

"Baba Badung ne ya ce ka ce in zo."

"Ni?"

Daga bayan labulen cikin gida aka ji wata 'yar dariya da aka yi saurin toshewa. Malam Isa ya dubi labulen, ya dubi Uzairu, ya dafe goshi.

"Badung! Shekara talatin yana mayar da matata namiji da bakinsa. Yarinyar nan kuma ta san wanda ta aika." Ya ja tsaki. "Tunda ka zo, zauna. Me ke bakinka?"

Ashraf ya riga shi. "Baba, ka bar shi. Kowa ya san kai ne na ɗaya, har a Indiya."

"Madalla. Me ya kashe jarumin Ramin Kuza?"

Ashraf ya sosa ƙeya. "Ai... haɗarin motar nan ne, Baba. Ya taɓa ni sosai."

"Babu ko keke a fim ɗin. Ajiye butar, ka gaida gida."

Da Ashraf ya fita, Uzairu ya gyara durƙuso.

"Baba, na zalunce ka. Gyaɗa na kalla, ban kalli uwa ba. Na gyara allo."

"Na nawa?"

"Na huɗu."

"Huɗu!" Har almakashi sai da ya faɗi daga kan tebur. "'Yata kake nema, ka zo mini da huɗu?"

"Ita nake nema, Baba, kuma idan na rasa ta ban san inda zan sa kaina ba. Amma gyaɗar tana nan. Da ka sa an karkata kyamara kaɗan hagu, da mutumin ya fita, kuma kukan bai yanke ba."

Uzairu ya ce a ransa shi ke nan, ya kashe kansa da bakinsa. Malam Isa ya daɗe yana kallon hoton bango.

"Kaɗan hagu," ya ce, muryarsa ta sauka. "Shekara ashirin da biyu ina faɗa wa kaina haka. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a ido. Masu zagi sun yi a bayana, masu yabo ba su kalla ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Su wa ke samana?"

"Kwalba, Bot, Gwaiba."

"Kwalba malamina ne, Allah ya jiƙansa. Bot ya iya haske, ban musa ba. Amma Gwaiba? Mutumin da ba ya iya minti goma sai an yi rawa a gindin bishiya?"

"Ya iya ƙarshen labari, Baba."

"Uku."

"Huɗu, Baba."

"Kai, wannan yaro kafaffe ne!" Ya juya wajen labule. "Ummu! Wannan kike so? Mutumin da ba zai ƙara wa ubanki ko mataki ɗaya ba?"

"Shi ne, Baba," ta ce a hankali. "A wajena kai ne na ɗaya, ba sai an rubuta ba."

Tsoho ya yi gyaran murya, ya ɗauki almakashinsa.

"Ka turo manyanka ranar Lahadi. Maganar Gwaiba kuma ba a gama ba."

Bayan wata uku aka ɗaura aure a Rikkos. Malam Isa da hannunsa ya ɗinka wa ango babbar riga, ya hana kowa taɓa aikin wuyan. Da za a tafi da amarya ya kira su biyu, suka durƙusa a gabansa.

"Uzairu, na ba ka ita don ba ka yi mini ƙarya ba a ranar da ƙarya za ta amfane ka. Kada ka fara a kanta. Ke kuma Ummu, mijinki ba ya lanƙwasuwa da tsawa, na gwada. Ki bi shi da hankali."

Ya ɗora hannu a kansu. Muryar da ta saba cika unguwa ranar da ƙyar ta fito.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku tashi ku tafi, kafin ku sa ni abin kunya a gaban mutane."

Jama'a suka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa.