Masu Neman Ɗaki a Akwatin Jika

Jika kafinta ne a unguwar Ali Kazaure, amma shi ba ruwansa da gado ko kujera, akwatin sifika yake haɗawa. Akwai wani akwati da ya ci masa wata uku. Sifika ɗaya tal ya ɗaura masa, mai fitar da amon ganga da na sarewa duka. A ciki kuma ya tsara wa iska hanya lungu-lungu da katako, don sauti ya fito da kauri. Oga Cyprian na garin Kuru ne ya sa a yi wa mawaƙan cocinsu.

Ranar kai kaya, ruwan sama ya tsare shi har dab da magariba. Ya ɗaure akwatin a bayan babur, ya kama hanya.

Da ya wuce Bukuru sai ya yanke ta wata 'yar ɓarauniyar hanya. Daidai wani tsohon kududdufin haƙar kuza, babur ya mutu. Kwaɗi suka yi tsit. Warin gam da fenti ya ɓace, warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika masa hanci.

Sai akwatin ya ja numfashi.

Ba wayar lantarki a jikin akwatin, ba batir. Amma Jika ya ji hucin a gadon bayansa.

"Mai gini," in ji wata murya daga ciki, ƙasa-ƙasa. "Ɗakunan sun yi mana. Sauke ka tafi."

Jika ya waiga ya dubi akwatin.

"Da mai shi," ya ce.

"Mun riga mun shiga."

"To ku fita. Ni na goge katakon nan har yatsuna suka fashe. Ba don ku na yi ba."

Akwatin ya yi nauyi. Babur ya fara ja da baya cikin laka, wajen ruwa.

Jika ya dira, ya zaro sukuddireba daga aljihu. Yana karanta Ayatul Kursiyyu, yana kwance marfin bayan akwatin.

Noti na farko. Na biyu.

Ruwa ya taɓa masa idon sawu.

"Bari," muryoyi da yawa suka raɗa.

"Gini nawa ne. Na ga dama na buɗe."

Ya fizge marfin. Wata ƙara siririya ta fito, ta soki kunnensa na hagu, ta faɗa kududdufin. Akwatin ya koma sakayau. Jika ya tura babur da gudu, bai waiwaya ba har titi.

Washegari ya ɗaure marfin a gaban Cyprian, mawaƙa suka gwada, sauti ya fito tas. Kunnen hagun kuwa bai sake jin komai ba.

"Oga Jika, ka huta da aikin nan mana," in ji Cyprian.

"In na huta, sun ci nasara ke nan."

Har yau yana haɗa akwatuna, yana gwada amonsu da tafin hannu. Sai dai ba ya rufe bayan ko ɗaya sai a gidan mai shi.