Kusurwar da Majigi Ya Auna

Rana ta faɗi, gida ya yi tsit, mai majigi ya fito da kayansa tsakar gida. Sana'arsa haska hotuna a jikin gine-gine, kuma hoto ba ya zama daidai sai an auna bango tukuna. Majigi zai watsa layuka baƙi da fari, kyamara ta ɗauki yadda suka lanƙwasa, kwamfuta ta fitar da siffar wurin. Sabon majigi ya samu, yana so ya gwada shi a tsohuwar katangar gidansa.

Ya kashe gyaran da na'urar ke yi da kanta, ya daidaita kaifin hoto, ya kulle hasken kyamara. Auta, 'yarsa, tana tsaye a gefe tana kallo.

"Kada ki motsa sai na ce," in ji shi. "Inuwa kaɗan ke ɓata awo."

Awon ya fito sumul, ban da kusurwar hagu, inda layukan suka kumbura kamar mutum a tsugune. Ya je ya duba, ba komai sai bango. Da ma mutum ne mai taurin kai, kullum laifin na'ura yake gani. Ya ƙara haske, ya sake. Siffar ta fito har da kafaɗu. Ya ƙure hasken, ya sake. Wannan karon kan siffar ya juyo.

Dutse ya faɗo kan rufin kwano, wani ya biyo. Matarsa ta fito tana salati, ta ja hannun Auta, hannun ya ƙi lanƙwasawa. Yarinyar na tsaye ƙyam, ido buɗe, ba ta ko ƙiftawa. Kamar itace suka ɗauke ta zuwa ɗaki.

Washegari da magariba malamin da suka kira ya zo. Ya zauna kusa da kanta ya daɗe yana karatu, har wata murya mai kauri, ta tsoho, ta fito daga bakin yarinyar.

"Me ta yi maka?" in ji malam.

"Ba ita ba ce, ubanta ne. Tun kafin a gina gidan nan nake zaune a kusurwar can, ban taɓa kowa ba. Ya zuba mini wuta a ido, na yi haƙuri, ya ƙara. Ya auna ni. Siffata na cikin akwatinsa, na kasa motsi. To, 'yarsa ma ba za ta motsa ba."

"In ya goge fa?"

"Ya goge, ya fasa fitilar."

Uban har ya ɗaga majigin zai buga da ƙasa, malam ya riƙe hannunsa, ya ce wa muryar: "Da shi yake ciyar da iyalinsa. Zai goge, zai bar maka kusurwarka cikin duhu. Kai kuma ka fita, kada ka dawo."

Muryar ta ce, "Na yarda."

Uban ya goge awon duka. Ya rufe kusurwar hagu da baƙi a kwamfuta, ya kunna majigi. Katanga ta haskaka, kusurwar ta zauna cikin duhunta. Wata iska mai sanyi ta ratsa ɗakin ta fice.

Amma Auta ba ta motsa ba. Uwar ta fashe da kuka.

"Ya tafi," in ji malam. "Wani abu take jira."

Uban ya durƙusa a gabanta. Leɓenta ya buɗe da ƙyar, da muryarta ta kullum.

"Baba, ka gama? In motsa?"